Gwanjon gareji

Gwanjon gareji, wanda ake kira garage sale da Turanci, wani ɗan ƙaramin ciniki ne na kwana ɗaya zuwa uku da mutanen gida kan shirya a ƙofar gidansu domin sayar da kayan da suka daina amfani da su. Ana baza kayan a cikin garejin mota, ko a kan hanyar shiga garejin, ko a filin ciyawar da ke gaban gida, masu wucewa da maƙwabta su tsaya su duba su taya. Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka da Kanada, ana kuma yin ta a Ostareliya da New Zealand. Kayan da aka fi sayarwa su ne tufafi, littattafai, kayan wasan yara, kwanuka da tukwane, kujeru da tebura, kayan aikin hannu da ƙananan kayan lantarki.

Mai gwanjon gareji ba ɗan kasuwa ba ne, kuma bai sayi kayan da niyyar sayarwa ba. Babban burinsa shi ne ya rage shirgin da ya cika masa gida, kuɗin da zai samu kuwa ƙari ne. Wannan buri ne ke tafiyar da yadda ake shirya gwanjon da yadda ake sanya farashi, kuma a nan ne masu yi karo na farko suka fi yin kuskure.

Suna

Sunan ya bambanta daga yanki zuwa yanki. A yawancin Amurka ana cewa garage sale ko yard sale, wato gwanjon filin gida. A jihar Connecticut da wasu sassan arewa maso gabashin ƙasar ana cewa tag sale, saboda 'yar takardar farashi da ake liƙa wa kowane kaya. A unguwannin birnin New York irin su Brooklyn, inda gidaje da yawa ba su da gareji, ana baza kayan a kan matattakalar ƙofar gida, a kira shi stoop sale. Wanda masu tashi daga gida suka shirya shi ne moving sale. Wanda ake sayar da kusan duk kayan gida, galibi bayan rasuwar mai gidan, sunansa estate sale, kuma sau da yawa kamfani ake ba wa aikin a biya shi kaso.

Kalmar gwanjo a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu: sayarwa ga wanda ya fi taya kaya da tsada, da kuma kayan hannu masu araha. Ma'ana ta biyu ce ta dace a nan, domin a gwanjon gareji farashi ƙasa yake yi idan aka shiga ciniki.

Tarihi

Tun ƙarni na 19 coci-coci da ƙungiyoyin agaji a Ingila da Amurka ke tara tsofaffin kaya daga mabiyansu su sayar domin samun kuɗin taimako. Ana kiran irin wannan rummage sale, kalmar da asalinta ke da alaƙa da shirya kaya a cikin jirgin ruwa da sayar da waɗanda ba a zo karɓa ba a tashar jiragen.

Gwanjo a ƙofar gidan mutum ya yaɗu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin ne iyalai masu yawa a Amurka suka koma sababbin unguwannin gefen birane, irin su Levittown a jihar New York da aka fara ginawa a 1947. Gidajen irin waɗannan unguwanni suna da fili a gaba, daga baya kuma gareji ya zama abin da kusan kowane sabon gida ke da shi. Kayan masarufi sun yi araha, mutane suka riƙa saye fiye da buƙata, ɗakunan ajiya suka cika. A shekarun 1960 da 1970 gwanjon gareji ya zama abin da aka saba gani a ƙarshen mako.

Masaniyar al'adun ɗan Adam Gretchen Herrmann ta shafe shekaru masu yawa, tun daga shekarun 1980, tana nazarin wannan ciniki a Amurka. Rubuce-rubucenta sun nuna cewa mata ne suka fi yawa a cikin masu shiryawa da masu saye, kuma cinikin yana tsakanin kasuwanci da kyauta: mai kaya yakan rage farashi sosai, ko ya bayar kyauta, idan ya ga mai sayen zai riƙe abin da daraja.

Shiri

Masu ba da shawara kan tattalin gida sukan ce a fara shiri makonni uku zuwa huɗu kafin ranar. Aikin farko shi ne bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, a raba kaya kashi huɗu: na ajiyewa, na sayarwa, na kyauta da na zubarwa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne tambayar ko an taɓa abin a cikin shekara ɗaya da ta wuce. Abin da ya karye ko ya yage yadda ba ya gyaruwa ba ya shiga gwanjo, domin yana rage wa sauran kayan daraja a idon mai saye.

Kafin a fitar da kaya ana laluba aljihun riguna da jakunkuna, a kakkaɓe littattafai, a buɗe aljihun tebur. A irin waɗannan wurare ne ake manta kuɗi, hotuna, rasit da takardun banki. Kwamfuta da waya kuwa sai an goge duk bayanan da ke cikinsu. Ana wanke tufafi, a goge kwanuka, a sa batir a kayan wasa a ga ko suna aiki.

Ranar Asabar ce aka fi zaɓa, wasu kuma su fara tun Juma'a. Ana buɗewa da sassafe, wajen ƙarfe 7 ko 8, a tashi da azahar, saboda masu saye na gaske da safe suke yawo. A Amurka da Kanada lokacin gwanjo yana farawa ne idan sanyi ya ja baya, daga wajen watan Afrilu zuwa Satumba. Masu shiri sukan kauce wa ƙarshen makon da ya haɗu da babban hutu, lokacin da mutane ke tafiye-tafiye. Gidan da kayansa ba su da yawa yakan haɗa kai da maƙwabta, domin mai mota ya fi saurin tsayawa idan ya hango tebura cike. A irin wannan haɗaka kowane gida yana amfani da takardar farashi mai launinsa, a rubuta cinikin kowa daban.

A da ana tallar gwanjo ne a shafin ƙananan tallace-tallace na jaridar gari. Yanzu an fi amfani da Craigslist, Facebook da Nextdoor, tare da hotunan manyan kayan. Duk da haka allon kwali da ake kafawa a mararraba yana nan da amfaninsa. Ana rubuta shi da manyan baƙaƙe, da kibiya, da rana da lokaci kawai, yadda direba zai iya karantawa ba tare da ya tsaya ba.

Sanya farashi

Ƙa'idar da aka fi ambata ita ce a sayar da kaya a kan kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na kuɗin sabonsa. Kujerar da aka saya dala 100 za ta tsaya tsakanin dala 10 da 30, gwargwadon lafiyarta. Abin da ke cikin kwalinsa ba a taɓa buɗewa ba yana iya kai rabin kuɗinsa. Kayan aikin hannu, kekuna da kayan katako masu ƙarfi sukan riƙe daraja. Tsofaffin kayan lantarki da tufafin manya su ne suka fi faɗuwa.

Farashin da aka saba gani a Amurka ya haɗa da:

Littafi mai bangon takarda: senti 25 zuwa dala 1
Littafi mai bango mai tauri: dala 1 zuwa 2
Tufafin yara: senti 50 zuwa dala 3
Tufafin manya: dala 1 zuwa 5
Kofuna da faranti: senti 25 zuwa dala 1 kowanne

Kuskuren da sabon mai gwanjo ya fi yi shi ne tsawwala farashi. Yana tuna nawa ya sayi abin, da wanda ya ba shi, da shekarun da ya yi a gidan, mai saye kuwa tsohon kaya kawai yake gani. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da wannan hali. Richard Thaler ya yi rubutu a kansa a 1980, ya nuna cewa mutum yakan ƙara wa abu daraja don kawai nasa ne. A wani gwaji da Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Thaler suka wallafa a 1990, an raba wa wasu ɗalibai kofunan shayi, aka tambaye su nawa za su sayar. Kuɗin da suka nema ya kai kusan ninki biyu na abin da sauran ɗaliban da ba a ba su kofi ba suka yarda su biya. Saboda haka ake ba da shawarar mai gida ya kira aboki ko maƙwabci, wanda ba ruwansa da tarihin kayan, ya taya shi sanya farashi. Abin da rai ya kasa rabuwa da shi a kan kuɗi kaɗan, gara a mayar da shi ɗaki tun kafin ranar.

Akwai kuma kuskure na kishiyar wannan, wato sayar da abu mai daraja a kan kuɗin banza. A 2007 wasu iyali a jihar New York suka sayi wata 'yar farar tasa a gwanjon gida a kan dala 3. Daga baya aka gano cewa aikin ƙasar Sin ne na zamanin daular Song ta Arewa, mai kimanin shekara 1,000, kuma a watan Maris na 2013 kamfanin Sotheby's ya sayar da ita a kan fiye da dala miliyan 2.2. A 2021 kamfanin ya sake sayar da wata tasar tangaran ta zamanin daular Ming a kan dala 721,800, wadda aka saya dala 35 a wani gwanjon gida kusa da New Haven a jihar Connecticut. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa dalilin ware kayan gado, zinariya da azurfa, tsofaffin agoguna, zane-zane da tsofaffin tsabar kuɗi har sai wanda ya san su ya duba. Ga kayan yau da kullum, masu shiri sukan duba eBay su ga kuɗin da aka riga aka sayar da irin abin, domin kuɗin da masu talla ke nema ba ya nuna abin da ake biya.

Ana sanya wa kowane abu farashi a rubuce, saboda mutane da yawa sukan ajiye kaya su wuce maimakon su tambaya. Ƙananan kaya ana tara su a tebur ɗaya ko kwali ɗaya a rubuta farashi guda. Ana tsayar da farashi a kan senti 25, senti 50 ko cikakkiyar dala, domin a sauƙaƙa lissafi da bayar da canji. Haɗa kaya ma yana saurin rage su: littafi biyar a kan dala 2, ko leda cike da kayan yara a kan dala 5. A kan manyan kaya irin su gado da firji akan ɗora ɗan abu sama da kuɗin da mai kaya zai sallama, domin a bar wurin ragi.

Ranar gwanjo

Ana fitar da manyan kaya masu jan ido kusa da titi, a jera sauran iri-iri: kayan kicin wuri ɗaya, kayan yara wuri ɗaya. Kayan da ke kan tebur sun fi saurin tafiya a kan waɗanda aka zube a ƙasa, tufafin da aka rataye kuma sun fi waɗanda aka cusa a kwali. Ana tanadar wayar wuta da aka jawo daga cikin gida domin gwada kayan lantarki, da ledoji, da tsofaffin jaridu na naɗe abin da ke fashewa. Abin da ke cikin gareji wanda ba na sayarwa ba ana rufe shi da zane.

Canji na daga cikin abin da ake mantawa. Masu sayen farko sukan zo da takardar dala 20 su sayi abin dala 1, don haka ake tanadar kimanin dala 50 zuwa 100 a takardun dala 1 da dala 5 da tsabar senti 25. Ana riƙe kuɗin a jakar ɗamara maimakon akwatin da za a bari a kan tebur. Wasu suna karɓar biya ta manhajar waya irin su Venmo, amma yawanci ba a karɓar cak daga baƙo. Ana kulle ƙofofin gida, kuma ana so a samu aƙalla mutum biyu, ɗaya yana karɓar kuɗi ɗaya yana lura da kaya.

Akwai masu sammako da ke isowa tun kafin lokacin da aka sanar. Da yawansu dillalai ne masu neman abin da za su sake sayarwa a shago ko a intanet. Wasu masu gida sukan rubuta a tallarsu cewa ba za a saurari kowa ba sai lokaci ya yi, wasu kuma suna maraba da su tunda da kuɗi a hannu suke zuwa.

A yawancin shagunan Amurka ba a taya kaya, farashin da aka rubuta shi ake biya. Gwanjon gareji na cikin wurare kaɗan da neman ragi ya zama al'ada. Da safe mai kaya yana iya ƙin tayin da ya yi ƙasa sosai, tunda akwai masu zuwa a baya. Idan rana ta yi, lissafin ya juya: duk abin da ya rage sai an sake ɗaukarsa an nema masa wuri. Shi ya sa da yawa ke sanar da rabin farashi a sa'o'i biyu na ƙarshe, su kuma ajiye kwalin kyauta a bakin titi.

Doka

Dokokin gwanjon gareji a Amurka na ƙananan hukumomi ne, don haka sun bambanta daga gari zuwa gari. Wasu garuruwa suna buƙatar takardar izini, kyauta ko da kuɗi kaɗan. Da yawa sun ƙayyade sau nawa gida ɗaya zai yi gwanjo a shekara, domin kada ya rikiɗe ya zama shago marar rajista. Wurare da yawa sun hana liƙa talla a kan turakun wutar lantarki, kuma ana sa ran mai gwanjo ya cire allunansa idan ya gama. Unguwannin da ke ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje suna iya samun nasu ƙa'idojin.

Ta fuskar haraji, hukumar IRS ba ta ɗaukar kuɗin a matsayin riba idan mutum ya sayar da kayan amfaninsa ƙasa da yadda ya saye su, kuma ba a cire wannan asarar daga harajinsa. Idan ya sayar da abu sama da kuɗin sayensa, ribar tana shiga lissafin haraji.

Batun lafiya ya fi nauyi. Dokar kare masu sayen kaya da Amurka ta kafa a 2008 ta haramta sayar da duk kayan da aka janye daga kasuwa saboda haɗari, kuma haramcin ya shafi mai gwanjo a ƙofar gidansa. Tun watan Yuni na 2011 aka hana sayar da gadon jarirai mai gefen da ke zamewa ƙasa, sabo ko tsoho, bayan mutuwar jarirai da dama da suka maƙale a cikinsa. Kanada ta haramta keken koyon tafiya na jarirai tun 2004, har da sayar da shi a gwanjo. Kujerar mota ta yara tana da ranar daina aiki da kamfani ke bugawa a jikinta, kuma wadda ta taɓa shiga hatsari ba ta da aminci ko da ba a ga tsagewa ba. Hukumar CPSC tana wallafa jerin kayan da aka janye, wanda mai shiri zai iya dubawa kafin ya fitar da kayan yara.

Kayan da suka rage

Da wuya gwanjo ya cinye kaya duka. Masu shiri da yawa sukan yanke shawara tun farko cewa abin da ya fita ba zai koma cikin gida ba. Ana kai ragowar ga ƙungiyoyin agaji irin su Goodwill da Salvation Army, wasunsu ma sukan turo mota idan an yi alkawari da su tun da wuri. Wasu suna bayarwa ta Freecycle, hanyar musayar kaya kyauta da aka kafa a birnin Tucson a 2003. 'Yan manyan kayan da ba su samu mai saye ba akan sa su a intanet ɗaya bayan ɗaya.

Shagunan agaji ba sa iya sayar da duk tufafin da ake kawo musu. Wani kaso ana sayar wa kamfanonin da ke tantancewa su ɗaure a dila, a fitar zuwa ƙasashen waje, ciki har da Afirka ta Yamma. Irin waɗannan diloli ne ake kwancewa a kasuwar Kantamanto da ke Accra, kuma daga irinsu ake samun kayan gwanjon da ake sayarwa a kasuwanni kamar Ƙofar Wambai a Kano.

Manyan gwanjo da makamantansu

Gwanjon hanya mai lamba 127 a Amurka, wanda ake yi wa laƙabi da mafi tsawo a duniya, ya faro ne a 1987 daga garin Jamestown na jihar Tennessee, domin jawo matafiya su bar manyan tituna su bi ta ƙananan garuruwa. Yanzu yana da tsawon mil 690, kimanin kilomita 1,110, daga Addison a jihar Michigan zuwa Gadsden a jihar Alabama. Yana ratsa jihohi shida, ana yin sa kwana huɗu daga Alhamis ta farko a watan Agusta. A birnin Ottawa na Kanada, unguwar Glebe tana yin nata a watan Mayu na kowace shekara, masu sayarwa kuma su ba da wani kaso na cinikinsu ga rumbun abincin mabuƙata na birnin. A Ostareliya, shirin Garage Sale Trail ya fara a unguwar Bondi ta birnin Sydney a 2010, ya bazu zuwa sauran ƙasar da nufin rage kayan da ake kaiwa juji.

A Birtaniya an fi yin car boot sale, inda masu kaya ke taruwa a fili ɗaya, kowa ya biya kuɗin wuri ya sayar daga but ɗin motarsa. A Faransa ana cewa vide-grenier, ma'ana kwashe kayan ɗakin ajiya na saman gida, kuma birnin Lille yana da babbar kasuwar tsofaffin kaya a ƙarshen makon farko na Satumba. A Holan, ranar bikin Sarki, 27 ga Afrilu, kowa yana da damar baza kayansa a titi ba tare da neman izini ba. A ƙasar Hausa dillaliya ce ta saba yin wannan aiki: tana karɓar zannuwa, kwanuka da sauran kayan ɗaki daga matan gida, ta zaga da su gida-gida, ta karɓi la'adarta, sau da yawa ba tare da ta bayyana mai kayan ba.

A fina-finai da fasaha

A fim ɗin Toy Story 2 na 1999, labarin ya tashi ne daga gwanjon filin gida, inda wani mai tara kayan wasa ya sace Woody bayan an ƙi sayar masa da shi. Mai fasaha Martha Rosler ta shirya gwanjon gareji a matsayin aikin fasaha a Jami'ar California da ke San Diego a 1973, ta kuma maimaita shi a gidan adana kayan fasahar zamani na MoMA a birnin New York a 2012, inda maziyarta suka riƙa taya kaya suna saye a cikin zauren gidan.